Shirun Angonki

Zangon Kumasi, Lahadi bayan la'asar

Mma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan wasiƙa ba. Ko kina da rai ma ba karantawa za ki yi ba, tunda kin sha cewa rubutun bokona kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Amma na saba, in abu ya cika mini ciki sai na zauna na rubuta shi kafin in gane kansa. Abin da ya faru yau kuwa, ba wanda ya kamata ya fara ji sai ke.

Bari in fara da labarin gida, kada ki ce boko ya hana ni iya gaisuwa. Kowa lafiya. Damina ta sauka da ƙarfi bana, kwanon ɗakinki ya fara yoyo ta kusurwar da kike ajiye tukunyar koko, na sa an gyara. Surukarki Rabi ta ci gaba da dama kokon, masu saye suna cewa nata bai kai naki yaji ba, ita kuma tana cewa citta ce ta lalace bana. Akuyarki ta haihu. Ƙanenki, Kawu Garba, ya sauko daga Salaga sayen goro, zai koma bayan Sallah. Zan dawo kan maganarsa.

Saura angonki. Haka kike kiran jikanki, ɗana na fari, wanda Allah bai ba ni ba sai da furfura ta fara fito mini a gemu. Kin ce tunda sunan Baba aka sa masa, mijinki ne ya dawo da ƙuruciyarsa, bakinki ba zai iya faɗin sunan ba. Ni da Rabi kuma kunyar ɗan fari ta ɗaure mu. Ni in ce “yaron nan”, ita ta ce “wancan”. Ban taɓa lura ba sai bayan rasuwarki, ashe tun ranar da liman ya raɗa masa suna ba wanda ya sake faɗinsa a cikin gidan nan.

Mma, bayan tafiyarki angonki ya yi shiru.

Kin tuna yadda kika bar shi. Yana cewa Kaka, yana cewa koko, yana yi wa akuya “mee” har ta amsa masa. In jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha sai ya ɗaga yatsa ya ce “teke”, don kin koya masa keteke irin na Tonawa, mutanen garin nan, kin ce ya fi daɗi a bakin yaro. Da aka kai ki, ya yi 'yan kwanaki yana shiga ɗakinki yana ɗaga tabarma, yana leƙa bayan ƙofa. Daga nan ya daina nema, ya kuma daina magana. Ba ciwo yake yi ba. Yana ci, yana tafiya, yana barci. Sai dai ya zauna a bakin ƙofarki da ludayinki a hannu, yana bin bakin mutane da kallo, ko ƙala ba ya cewa. Kuka ma sai ya zama dole.

Kada ki ga laifin Rabi. Tana yi masa wanka, tana ba shi nono, tana goya shi. Amma duk a cikin shiru take yi, in da mata a tsakar gida ma har kau da fuska take yi, yadda aka koya mata. Na taɓa samunta tana daka tana share hawaye da gefen zani, da ta gan ni ta ce barkono ne. Gero take dakawa.

Ba irin maganar da ban ji ba. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce baki ne. An karɓo rubutu ya sha. Wanzami ya ɗaga harshensa ya duba, ya ce babu abin yankewa. Wata maƙwabciya ta ce mu haƙura, kurma ne. Wannan kam na gwada da kaina: na lallaɓa bayansa na saki tasa a ƙasa, ya zabura ya juyo ya dube ni. Kunnensa lafiya lau.

Sai Kawu Garba ya zo gaisuwa, ya dubi yaron ya daɗe, ya yanke magana. Ya ce ai lokacin yaye ya yi, kuma tun kaka da kakanni ɗan fari ba ya tashi a gaban iyayensa. Zai tafi da shi Salaga wurin matarsa, in ya sha ruwan wani gari bakinsa zai buɗe. Ya ce ni ma ai haka aka yi mini, ga shi na zama mutum har Turawa na ba ni ajiyar alƙalami. Na sunkuyar da kai na ce to. Me mutum zai ce wa kawunsa?

Gaskiya ya faɗa, haka aka yi mini. Ni ne ɗanki na fari. Ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo a Gua, bakin teku, can na tashi, can aka sa ni makaranta, ban dawo gabanki ba sai da gemu. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Da na samu aikin akawu a rumbun kaya na tashar jirgi, sai kika samu mafita, kika bi sahun Tonawa kina ce mini Kiraci, wato akawu. Duk Zango suka ɗauka. A gida Rabi ta ce Malam, a waje a ce Kiraci, har na kusa manta ina da wani suna.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kin sha yi mini tsiya cewa alwalata ta asuba ta fi ta liman tsawo. Ba tsoron Allah ba ne ya yi yawa, Mma. Saurarenki nake yi. Kina zaune bakin murhu da angonki a cinya, kina ba shi labarin wuta da hayaƙi, kina tambayarsa ko ya kawo kuɗin cefane, kina zaginsa malalacin miji mai kwana har rana ta fito, shi kuma yana ɓangala dariya yana kama haɓarki. Ni kuma ina tsugune da buta, ƙaton mutum mai shekara arba'in, ina tambayar kaina ko kin taɓa yi mini haka kafin a tafi da ni. Na so in tambaye ki. Ta ina zan fara? Da wane baki?

Bayan maganar Kawu sai na zauna na bi abin daki-daki, yadda nake yi in buhu ya ɓace a rumbu. Me ya canja wa yaron nan? Abincinsa bai canja ba. Ruwansa, ɗakinsa, uwarsa, duk suna nan. Abu biyu kawai suka tafi tare da ke: mai yi masa magana, da mai fita da shi. Kullum in kin sallami masu koko sai ki goya shi ku bi gari, ba ku dawowa sai rana ta take. A lokacin na ɗauka yawon tsufa ne. Yanzu na ga tun da kika rasu ƙafarsa ba ta wuce zaure ba, kuma ba wanda ya dubi idonsa ya ce masa wani abu. Wa zai yi wa magana? Don me zai yi?

Na yi ta kokwanto. Ni wa, da zan san abin da wanzami da malamai ba su sani ba? A makaranta an koya mini sunayen kogunan ƙasashen da ba zan taɓa gani ba, ba a koya mini ko kalma ɗaya a kan jariri ba. Amma na ga in na yi shiru, bayan Sallah za a ɗora shi a lori, ya sauka a gidan da bai san kowa ba, da bakin da ya riga ya rufe. Sai na ƙudura zan gwada.

Da kin ga ranar farko da kin yi dariya har kin faɗi. Na shiga ɗaki da shi na saki labule. Na ɗauke shi yadda nake ɗaukar kayan fashewa, na zaunar da shi a gabana. Sai na ji bakina yana tambayarsa ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da damina. Ya zuba mini ido kamar alƙali. A bayan labule na ji Rabi ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Rabon da in ji dariya a gidan nan tun kina da rai.

Washegari bayan asuba na ɗora shi a wuya muka fita. Ban san hanyarku ba, amma shi ya sani. In ya so dama sai ya ja kunnena na dama, in na yi kuskure ya buga mini dunduniya a ƙirji. Haka ya tuƙa ni kamar jaki har rumfar masu ɗaurin goro. Matan suna ganinsa suka ɗauki guɗa, wai ga angon tsohuwa ya fito takaba. Su suka gaya mini kina karɓar ganyen goro mai sanyi ki shafa masa a kumatu, ki sa masa jan goro a hannu ɗaya, fari a ɗaya, ki faɗa masa sunan kowanne. Na yi yadda suka ce. Daga can sai maƙera, inda kike tsayawa ya ji guduma, kina buga masa ƙafa a kan amonta. Sai gindin manyan itatuwan nan da jemagu ke rataye, sai kasuwar Tonawa ta Kejetiya, inda kike sa shi ya shinshina citta da daddawa, ya taɓa bayan katantanwa. Kowane wuri akwai wanda ya riƙe wani guntu na abin da kike yi. Da haka na harhaɗa yawonku, ina tafe ina surutu ni kaɗai: ga kaza, ga doya, wancan lori ne, ji ƙararsa.

Na sha ba'a. Mahauta suka ce Kiraci ya zama mai raino, a haɗa masa zani da majanyi cikin kayan Sallah. Ɗayansu ya tambaye ni ko ni zan ba da nonon ma. Wannan bai dame ni ba, na saba da bakinsu. Matan Tonawa kuwa ko a jikinsu, wata mai doya ta ce a duk duniya mazan Zango kaɗai ta sani masu tsoron 'ya'yan cikinsu. Abin da ya soke ni shi ne na ƙofar masallaci. Wani dattijo abokin Baba ya bari sai da na zo wucewa, ya ce wa na kusa da shi, wai ga abin da boko ke yi, ya cinye kunyar mutum ya bar masa wando. Ranar na dawo gida ina ganin wataƙila shi ke da gaskiya. Kunya ba abin wasa ba ce, da ita aka gane mu a garin mutane. Amma da safe yaron ya zo ya tsaya gabana riƙe da takalmina. Na karɓa na sa, muka fita.

Rabi ma ta samo tata dabarar. Har yanzu ba ta iya dubansa ta yi masa magana, sai ta koma yi wa akuyarki. Ta ce da akuya ta gaya wa wancan ga kokonsa yana hucewa. Ta tambayi akuya ko ta ga wani mai ƙaton ciki da ya ƙi wanka. Har waƙoƙin rainonki take rera wa akuya, shi kuma yana gefe yana kaɗa kai. Akuyar dai ta ga gata.

Duk da haka makonni suka wuce ba kalma. Idonsa ya yi haske, yana nuna abu da yatsa, ya yi dariya ranar da wata kaza ta tsere wa mai ita a kasuwa. Amma bakin yana rufe. Sallah tana matsowa, Kawu ya fara ɗaure kayansa, har ya aiko da 'yar hula, wai ta tafiya. Na fara tunanin ko na zubar da mutuncina a banza.

Akwai hanya ɗaya da yake ja na kullum ina ƙi, mai gangarawa tashar jirgi. Wurin aikina ne, ban so 'yan dako da sauran akawuna su gan ni da yaro a wuya. Yau Lahadi, rumbu a rufe, da ya ja kunnena sai na bi.

Bai kai ni bakin dandamali ba, inda na zaci zai so ganin jirgi. Ya karkatar da ni ta bayan rumbun kaya, wurin shingen ƙarfe, gindin mangwaro. Akwai wata Batoniya a wurin mai gasa ayaba da gyaɗa, Mami Ya, na sha ganinta daga nesa ban taɓa yi mata magana ba. Tana ganin yaron ta miƙe, ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta bambanta mace da namiji, ina tsohuwa, kwana biyu shi bai zo ba. Na gaya mata. Ta ɗora hannu a ka ta yi ta salati irin nasu.

Muna cikin haka na ji yaron ya miƙe a wuyana, ya kama shingen da hannu ɗaya, ɗayan ya nuna. Na bi yatsan da ido. Tagata ce, Mma. Tagar da nake zama gefen sikeli ina rubuta nauyin buhuna. Daga gindin mangwaron nan ana hango ta sarai, ni ban taɓa sani ba. Yau tana rufe.

Sai ya ce, “Muca.”

Na ɗauka kunnena ne. Ya sake faɗa, da ƙarfi, yana jijjiga shingen, kamar mai kiran wanda ya ƙi fitowa. Na sauko da shi daga wuya na riƙe shi a ƙirji. Ya dubi tagar, ya dube ni, ya sake duban tagar. Sannan ya kama gemuna da hannu biyu ya faɗa a hankali, wannan karon a fuskata.

Wa ya koya masa? Rabi ba ta faɗin sunana. Zango kaf Kiraci suke cewa. Ban tambaya ba, Mami Ya ce ta tafa hannu ta ce ashe ni ne Musan. Ta ce kusan kullum nan kuke ƙare yawo. Ki kwance goyo ki dawo da shi kan kwankwaso, ki nuna masa tagar ki ce ga Musa can, ga Musana yana rubutu, ka ce Musa. Ta ce kina maimaitawa har ita ma ta haddace. In na motsa kamar zan ɗago kai, sai ki yi maza ki juya baya ki yi kamar ayaba kike taya. Ta ce kin gaya mata duk tashar nan, da baƙar fata da Turawa, babu mai kyan rubutun ɗanki.

Mma, ashe ba kaza ba ce ta taka tawada?

Tsakanin mangwaron nan da kujerata bai fi a yi kira a ji ba. Me ya sa ba ki ɗaga murya ko sau ɗaya ba? Ni kuma me ya sa ban taɓa ɗaga kai na dubi waje ba? Ba tuhumarki nake yi ba. Abin da aka koya miki kika riƙe, kika riƙe shi da kyau har ƙarshe. Sai dai kin samu wanda ba a jin kunyarsa kika ba shi ajiya, yau ya kawo mini.

A nan gindin mangwaron, gaban mai ayaba da duk mai wucewa, na dubi idonsa na kira shi. Salifu. Baba ya yafe mini, na faɗi sunansa a bakin hanya. Sai na sake faɗa. Bai san nasa ba ne, ya waiga yana neman mai sunan. Na ɗora hannunsa a ƙirjinsa na faɗa, na ɗora a nawa na ce Musa. Muka yi ta yi har ayabar Mami Ya ta ƙone. A hanyar dawowa jirgi ya yi kuka, ya ɗaga yatsa ya ce “teke”.

Da na gaya wa Rabi sai ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce wa akuya maza a koya wa wancan cewa Baba, kafin mutane su ji yana kiran ubansa gatsau su ce ba mu da tarbiyya. Na ce za a koya masa, amma ba yau ba. A bar ni in ɗan ƙara ji.

Ga abin da na yanke. Gobe bayan asuba zan ɗauki goro da hular nan in tafi masaukin Kawu Garba. Zan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, in gaya masa Salifu ba zai je Salaga ba. A nan za a yaye shi, a nan zai tashi. Na san zai ce na yi rashin kunya, wataƙila ya daina cin abincin gidana. Na san halina kuma, a gaban manya harshena yakan naɗe in ce to. Shi ya sa zan tafi da yaron a wuya. In bakina ya fara mutuwa, dunduniyarsa za ta tuna mini.

Yawo kuma ba za mu fasa ba. Akwai masaƙa da bai gani ba tukuna, akwai tafkin nan na bayan gari da ake faɗa, in ya ƙara ƙwari zan sa shi a keteken nasa mu gangara ya ga teku inda na tashi. Ban iya waƙa ba, ban iya tsiya irin taki ba, har yanzu wani lokaci sai in ji ina yi masa bayani kamar mai karanta takardar kaya. Amma zan yi ta magana har ya gaji ya ce in yi shiru. Kuma na gaya masa, ko ya gane ko bai gane ba, ranar aiki in uwarsa ta aiko a kawo shi gindin mangwaro, tagata a buɗe take, zan ɗaga kai.

An fara kiran magariba, ga shi nan yana jan gefen takardar. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haɗa ki da Baba a gidan rahama. Ki huta, Mma. Saƙonki ya iso.

Ɗanki na fari,
Musa, baban Salifu